Katangar da ba don tsaro aka gina ta ba

A daren 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell ta Amurka, Robert Tappan Morris, ya saki wata 'yar manhaja a intanet. Aikinta ta kwafi kanta daga wannan kwamfuta zuwa waccan ba da hannun kowa ba, irin wadda masana ke kira tsutsa. Intanet ɗin lokacin ba ta taka kara ta karya ba. Kwamfutoci wajen 60,000 ne a kanta, kusan duk na jami'o'i da cibiyoyin bincike da ma'aikatun tsaro. An ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma sun kamu. Tsutsar ba ta goge wa kowa komai ba, sai dai takan hau kwamfuta ta sake hawa, ta kuma sake hawa, har ta shaƙe ta aiki ya tsaya cak. A 1990 kotu ta kama Morris da laifi, aka ci shi tarar dala 10,050, aka ɗora masa aikin al'umma na sa'o'i 400.

Sauƙin da aka yi ɓarnar shi ya fi tayar wa masu kula da kwamfutocin hankali. An gina intanet ne tsakanin mutanen da suka san juna, babu wanda ya yi tanadin maƙiyi. Kowace kwamfuta tana da adireshin da kowa zai iya aika wa saƙo kai-tsaye. Kowace kuma tana da ƙofofi masu lamba, har 65,535, inda manhajoji ke zaune suna jiran mai ƙwanƙwasawa. Imel yana bi ta ƙofa ta 25, shiga kwamfuta daga nesa ta 23, daga baya shafukan yanar gizo suka ɗauki ta 80. Duk manhajar da ke bayan ƙofa, muddin akwai ɓaraka a cikinta, to duniya kakaf za ta iya isa ga ɓarakar. Ƙofar imel na cikin waɗanda tsutsar Morris ta bi.

Bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya ana toshe ɓaraka aiki ne da ba ya ƙarewa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a tattara duk zirga-zirgar ma'aikata ta bi ta mashiga guda, a tsayar da na'ura a nan ta riƙa tantance abin da zai wuce. Wannan na'ura ita ce fayawol, katangar tsaro. Na farkonsu, irin wadda Jeff Mogul na kamfanin DEC ya bayyana a 1989, suna duba kowane ƙullin bayanai ne shi kaɗai: daga ina ya fito, ina za shi, wace ƙofa yake nema. In ya dace da dokokin da aka rubuta ya wuce, in bai dace ba a watsar da shi. A Bell Labs, Bill Cheswick da Steve Bellovin sun gina tasu don kare kwamfutocin AT&T, suka kuma wallafa littafi a 1994 wanda ya zama abin karatun duk mai wannan sana'a. Marcus Ranum ya haɗa wadda DEC ta fara sayarwa a farkon shekarun 1990, sannan a 1993 ya fitar da wasu kayan aikin kyauta da aka gina lokacin da ake haɗa imel ɗin fadar shugaban Amurka da intanet.

Matsalar tacewar farko ita ce rashin tunawa. Ƙulli ya iso daga waje yana cewa shi amsa ne, na'urar ba ta da hanyar sanin ko akwai wanda ya yi tambaya. Kamfanin Check Point, wanda Gil Shwed da abokansa biyu suka kafa a Isra'ila a 1993, shi ya yaɗa maganin wannan da manhajarsa ta FireWall-1 a 1994. Katangar ta koyi riƙe lissafi. Kamar mai gadi ne a zaure: ya ga an aiki yaro kanti, ya riƙe a ransa, in yaron ya dawo da saƙo ya bar shi ya shige, amma wanda ya ɓullo haka kawai babu wanda ya aika a kira shi, iyakarsa bakin ƙofa. Har yau wannan ce ƙashin bayan duk wata katanga, daga ta banki har ta cikin wayar hannu.

Duk wannan harka ce ta manyan ma'aikatu masu kuɗi da ƙwararru. Mai gida ba ya cikin lissafi, kuma a gaskiya bai cika buƙata ba. Da layin tarho yake shiga intanet, ya yi rabin sa'a ko sa'a guda ya sauka saboda kuɗi na tafiya, kuma duk shigar da zai yi sabon adireshi ake ba shi. Mai kutse kafin ya gano shi ya riga ya kashe modem.

Katangar da ta zo ta kare gidaje daga wani lungu dabam ta fito, lungun da ba ruwansa da tsaro. Tsarin adireshin intanet na asali yana da gurbi biliyan 4.3 ne kacal, kuma tun farkon shekarun 1990 injiniyoyi suka hango cewa za su ƙare. A watan Mayu 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka fitar da wata dabara ta wucin gadi, wadda aka fi sani da NAT. Maimakon kowace kwamfuta ta samu adireshin da duniya ke gani, sai a ba ofis ko gida adireshi ɗaya tal. Na'urorin ciki su riƙa amfani da adireshin cikin gida da ba ya aiki a waje, rauta kuma, na'urar da ke haɗa su da waje, ta riƙa musanya musu shi duk lokacin da za su fita. A 1994 ɗin aka keɓe jerin lambobin cikin gidan, shi ya sa duk wanda ya taɓa leƙa saitin rauta ya ci karo da lamba mai farawa da 192.168.

To ga inda abin ya ba da mamaki. Don rauta ta san wa za ta miƙa wa amsar da ta dawo, dole ta rubuta wa ya fita, ta wace ƙofa, zuwa ina. Idan saƙo ya zo daga waje ba ya cikin wannan rubutu, ba ta san kwamfutar da za ta ba ba, sai ta yar da shi. Ba tsaro take yi ba, rasa yadda za ta yi ta yi. Amma ga tsutsar da ke yawo tana ƙwanƙwasa ƙofofi, sakamakon ɗaya ne. Injiniyoyin intanet har gobe suna jin haushi in aka kira NAT katangar tsaro, suna cewa ta lalata tsarin asali inda kowace na'ura ke iya magana da kowace. Suna da gaskiya a ilmance. Sai dai a ganina, babu wata manhajar tsaro da aka taɓa sayarwa wadda ta ceci kwamfutocin gida da yawa kamar wannan dabara ta ƙarancin adireshi.

A ƙarshen shekarun 1990 intanet mai sauri ta fara shiga gidaje a Amurka da Turai, irin wadda ba a kashewa dare da rana. Kamfanoni suna ba kowane gida adireshi ɗaya, gida kuwa ya fara tara kwamfuta biyu ko uku. A 1999 Linksys, kamfanin da wasu ma'aurata 'yan asalin Taiwan, Victor da Janie Tsao, suka kafa a Kalifoniya, ya fito da rauta mai araha ta gida. Mutane sun saye ta ne don uba da 'ya'ya su daina faɗa a kan layi ɗaya. Katanga kyauta suka samu a ciki, da yawansu ba su ma sani ba. A ƙarshen 2002 sai ga WRT54G mai Wi-Fi, wadda aka gano da Linux take aiki. Lasisin Linux ya tilasta wa kamfanin sakin lambobin manhajar a 2003, daga nan aka samu OpenWrt, wadda masu son sarrafa rautarsu da kansu ke amfani da ita har yanzu.

Amma miliyoyin mutane ba su sayi rauta ba, sun jona kwamfuta kai-tsaye da modem. Su ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Wasu sun sa manhajoji irin su ZoneAlarm, waɗanda ke tsayar da kai kowane lokaci su tambaye ka ko ka yarda wata manhaja mai baƙon suna ta fita intanet. Tambaya ce da ko mutum ɗaya cikin ɗari ba zai iya amsawa da sani ba, don haka aka saba danna "na yarda" ido rufe. Windows XP da ta fito a Oktoba 2001 ta zo da tata katangar a ciki, amma a kashe. Sai wanda ya san tana nan, ya kuma san lungun da aka ɓoye ta, zai kunna.

A 11 ga Agusta 2003 tsutsar Blaster ta ɓulla. Ta ƙofa ta 135 take shiga, ƙofar da Windows ta bari a buɗe ko da mai kwamfutar bai taɓa amfani da ita ba. Ba sai ka buɗe imel ko ka sauke wani abu ba, jonuwa da intanet kawai ta isa. Alamar da aka fi tunawa ita ce akwatin da ke fitowa yana ƙirga daƙiƙa 60 kafin kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Microsoft ta riga ta fitar da facin ɓarakar tun tsakiyar Yuli, amma mutane ƙalilan ne suka sa. A ƙarshen Afrilu 2004 wani matashi ɗan Jamus, Sven Jaschan, ya saki Sasser, ita kuma ta ƙofa ta 445. A wannan shekarar cibiyar SANS da ke bibiyar hare-hare ta ƙiyasta cewa sabuwar kwamfuta marar faci takan yi minti 20 ne kawai a intanet kafin wata tsutsa ta iso gare ta. Gaba kura, baya siyaki: ba ka samun faci sai ka hau intanet, kuma kafin facin ya gama sauka an riga an kama ka. Wanda ke bayan rauta kuwa yana zaune lafiya, yana jin labari a bakin maƙwabta.

Maganin ya zo a Agusta 2004, da babban gyaran Windows XP da ake kira Service Pack 2. An ƙara wa katangar ƙarfi, amma babban abin da aka yi shi ne kunna ta tun daga farko, ta yadda sai mutum ya tashi da gangan zai kashe. Shekaru ana yi wa jama'a wa'azin su kula da tsaron kwamfutarsu, bai yi tasirin da juya wannan maɓalli guda ya yi ba. Zamanin tsutsotsin da ke share kwamfutocin gida cikin sa'o'i ya fara ja da baya daga nan.

A ƙasar Hausa labarin ya bi wata hanya. Lokacin da Blaster ke ɓarna, intanet a gida sai gidan wane da wane. Layukan GSM sun fara aiki a Najeriya a 2001, amma mai neman intanet kafe yake zuwa ya sayi sa'a, kafe ɗin kuma galibi da tauraron ɗan Adam yake jone, kwamfutocinsa duk a bayan adireshi guda. Cutar da ta addabi mutane a nan a aljihu take tafiya. Ɗalibi ya kai filashi shagon buga takardu, ya dawo da shi ya soka a laftof, sai ya tarar fayilolinsa sun ɓace an bar masa gumakan bogi. Tsutsar Conficker ta ƙarshen 2008 ta haɗa hanyoyin biyu, tana bi ta ƙofa ta 445, tana kuma bin filashi. Katanga ba ta da ta cewa a kan abin da mai gida ya shigo da shi da hannunsa. Sai da Microsoft ta hana filashi tayar da manhaja da kansa, a Windows 7 a 2009 sannan a tsofaffin Windows a 2011, abin ya lafa.

Da intanet ta shigo gidajenmu sosai, ta hanyar modem na soke wa, sannan 'yar rautar aljihu da hotsifot na waya, adireshi ya riga ya yi tsada a duniya. Rumbun adireshi na duniya ya raba kasonsa na ƙarshe a Fabrairu 2011. Don haka kamfanonin waya suka ɗauki dabarar NAT suka faɗaɗa ta, suna cusa kwastomomi masu yawa a bayan adireshi guda. Mai amfani da datar waya yana bayan katanga biyu ke nan, ta rautarsa da ta kamfani, bai nemi ko ɗaya ba. Masu sa kyamarar tsaro a shaguna da gidaje su suka fi sanin wannan, don sukan buɗe ƙofa a rauta yadda littafi ya ce, amma hoto ya ƙi fitowa a wayar mai shago idan ya bar wurin.

A ƙasashen da kowane gida ke da nasa adireshin, an shiga huda katangar tun da wuri. Masu wasannin kwamfuta da masu kiran bidiyo suna buƙatar na waje ya iya kiransu, kuma buɗe ƙofa da hannu yana ba mutane wahala. Sai aka ƙirƙiro UPnP, tsarin da ke ba duk wata na'ura ta cikin gida damar umartar rauta ta buɗe mata ƙofa, babu kalmar sirri, babu tambayar mai gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Janairu 2013 kamfanin tsaro na Rapid7 ya bincika intanet ya tarar da adireshi sama da miliyan 80 suna amsa kiran UPnP daga waje, abin da bai kamata ya yiwu ba ko kaɗan, kuma miliyan 40 zuwa 50 daga ciki ana iya kutsa musu.

Daga nan masu kutse suka gane cewa ba sai sun tsallake katangar ba, ita kanta ganima ce. Rauta kwamfuta ce ƙarama da ba a kashewa, ba a sabunta ta, kuma sau da yawa sunan shiga da kalmar sirrinta duk "admin" ne kamar yadda ta fito daga kwali. A 2016 wasu matasa uku a Amurka, cikinsu har da Paras Jha, wanda ya yi karatu a Jami'ar Rutgers, suka rubuta Mirai. Ba wata gwaninta a cikinta. Tana ƙwanƙwasa ƙofa ta 23, tsohuwar ƙofar nan ta tun zamanin Morris, ta gwada kalmomin sirri na kamfani wajen 60. Da wannan kaɗai ta tara rautoci da kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo kimanin 600,000 a ganiyarta. Rikicin kasuwar wasan Minecraft ne ya fara kai su ga wannan aiki, amma da suka saki lambobin manhajar kowa ya ɗauka. A 21 ga Oktoba 2016 aka yi wa kamfanin Dyn ruwan saƙonni da ita, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka gagari mutane a sassan Amurka.

Afirka ta Yamma ma ta samu rabonta. Wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, ya karɓi kwangila daga wani ma'aikacin kamfanin da ke gogayya da Lonestar, kamfanin waya na Laberiya, ya juya tasa rundunar Mirai a kan Lonestar har intanet ta riƙa yankewa a ƙasar a Nuwamba 2016. A ƙoƙarinsa na ƙara yawan rundunar, a wannan watan ya durƙusar da rautoci kusan 900,000 na kwastomomin Deutsche Telekom a Jamus, ta ƙofa ta 7547 wadda kamfanoni ke bari don gyara rauta daga nesa. Kotun Landan ta ɗaure shi wata 32 a Janairu 2019. Masu rautocin da aka yi wannan yaƙi da su, yawancinsu ba su taɓa sanin an yi ba. Iyaka dai su ce intanet ta yi nauyi kwana biyu. A Mayu 2018 aka sake gano wata manhajar, VPNFilter, a cikin rautoci 500,000 a ƙasashe 54, har hukumar FBI ta roƙi jama'a su kashe rautarsu su sake kunnawa.

Akwai kuma abin da katanga ba ta taɓa alƙawarin hanawa ba. Rautar gida tana barin duk abin da ya taso daga ciki ya fita, ta kuma bar amsarsa ta shigo. Wanda aka turo wa saƙon bogi na banki ko na tallafi ya danna, shi ya yi aiken da kansa. Manhajar da aka sauke daga wani lungu don gudun biyan kuɗi, da zarar ta zauna ita ke kiran ubangidanta daga ciki. Yawancin zirga-zirgar yanar gizo yanzu a kulle take ta ƙofa ta 443, rauta tana ganin inda za a amma ba ta ganin abin da aka ɗauka. Kyamarar nan da ta ƙi aiki a shago ma haka aka warware matsalarta: ita ke fita ta jona da kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta a wata ƙasa, wayar mai shago ta same ta a can. Hoto ya fito, amma amanar cikin shagon ta koma hannun kamfanin da mai shago bai san ko sunansa ba.

Kuma in abu ya riga ya shigo, na'urorin cikin gida sun yarda da juna. WannaCry ta Mayu 2017, wadda ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150, ta ƙofa ta 445 ta bi, ƙofar Sasser. Rautoci sun tare ta daga waje a gidaje da yawa, amma a asibitocin Birtaniya da manyan kamfanoni, shiga ɗaya ta ishe ta ta game ko'ina. Wannan ne dalilin da ya sa katangar cikin laftof ba ta zama tarihi ba, musamman ga mai jona ta da Wi-Fi na otal ko na makaranta. Shi ne kuma amfanin layin baƙi da rautocin yanzu ke zuwa da shi. Mai hankali yakan tura talabijin da kyamara da wayoyin masu ziyara can, ya bar kwamfutar da yake harkar kuɗi da ita ita kaɗai.

Hukumomi sun daɗe kafin su kama darasin 2004, cewa yadda na'ura ta fito daga masana'anta haka za ta mutu a hannun yawancin masu ita. Jihar Kalifoniya ta fara aiki da dokar hana sayar da na'urori masu kalmar sirri iri ɗaya a Janairu 2020, Birtaniya ta bi sahu a Afrilu 2024. Dokokin ba su shafi tsofaffin rautocin da ke maƙale a bango ba, balle na hannu da ake jibgowa kasuwanninmu bayan kamfanoninsu sun daina fitar musu da faci.

Ƙarancin adireshin da ya haifi katangar gida shi ma yana kan hanyar ƙarewa. Sabon tsarin IPv6, wanda manyan kamfanoni suka kunna na dindindin a 6 ga Yuni 2012, yawan adireshinsa lamba ce mai alƙaluma 39. Kowace waya, kowace kyamara, kowane firinta zai iya samun adireshin da duniya ke gani, kamar a 1988. Babu sauran dalilin musanya adireshi, don haka babu sauran watsar da baƙon saƙo bisa rashin sanin inda za a kai shi. Tun 2011 injiniyoyin intanet suka fitar da shawarar cewa rautocin gida su riƙa tare saƙon da ba a nema ba a sabon tsarin, wannan karon da niyya. Shawara ce, ba doka ba, kuma kowane kamfani da yadda yake saita tasa rautar kafin ya rufe kwali.